Tumukun suri ma yana da rumbunsa

Damana gajera ce a ƙasar Rumbu, cikin gundumar Dakoro. Ruwa kan zauna a watan Yuli, ya ɗauke a watan Satumba. Abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 350 ba. Amma in aka kwana ana ruwa, da safe akwai abin da kowa kan gani a bakin hanya, ko a tsohon makwancin shanu, ko a gefen suri. Wani farin abu ne ya fasa ƙasa ya fito. Wani kamar laima, wani kamar ƴar taɓarya.

Mai kama da laima, shi ake kira naman kaza, ko naman ƙasa, ko laimar kwaɗi. Kwana 2 ko 3 yake yi ya ruɓe. Mai kama da taɓarya, shi ne tumukun suri. Shi yakan bushe a tsaye, cikinsa ya cika da baƙar ƙura.

Manomi mai sauri zuwa gona ya wuce su. Makiyayi ya doke su da sanda. Yara su yi wasa da su har ƙurar ta ɓata masu hannu. Ba wanda ya ɗauke su a bakin komi.

To, ashe akwai mutanen da aikinsu ke nan: su tsinci waɗannan abubuwa, su shanya su, su rubuta labarinsu, su ajiye su a ɗaki na musamman. Ana yin wannan aiki a Yamai, ana yin sa a ƙasashen Turai. Kuma aiki ne da duk wanda ya koyi rubutu a makarantar yaƙi da jahilci zai iya sa hannu a cikinsa.

MENE NE NAMAN KAZA?

Naman kaza ba ciyawa ba ne, ba itace ba ne. Ba shi da ganye, ba ya fure. Hatsi da hasken rana yake yin abincinsa. Shi kuwa ruɓaɓɓen itace yake ci, da kashin dabbobi, da busasshiyar ciyawa. Saboda haka masana suka ware masa gida na dabam. Cikin danginsa akwai fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya daɗe, da yis ɗin da ke kumbura burodi, da burtuntunar da ke baƙanta zangarniyar dawa.

Abin da ido ke gani a sama ba shi ne jikinsa duka ba. Jikin yana ƙarƙashin ƙasa ko cikin itace. Farin zare ne siriri, kamar saƙar gizo-gizo. Yana nan kwance rani da ɗari. In ruwa ya sauka, sai ya turo kai waje don ya watsa irinsa. Irin nan shi ne ƙurar da ke fita daga cikinsa. Ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya, sai da madubin da ke ƙara girman abu.

Wannan dangi yana yi wa ƙasa aiki babba. Shi ne ke narkar da kara da kututture da taki, su koma ƙasa, shuka ta sha. Wasu suna manne wa saiwar itace, suna kawo mata ruwa da gishirin ƙasa, ita kuma tana ciyar da su. Garar da ke gina babban suri noman naman kaza take yi a cikin ɗakinta. Takan tauna itace da ciyawa ta shimfiɗa masa, shi ya narkar, ita ta ci. Maganin penisilin ma, wanda ya ceci miliyoyin mutane, daga fumfuna aka gano shi a shekarar 1928.

Masana sun ba wa iri wajen 155,000 suna. Amma a lissafin da suka fitar a 2023, irin da ke duniya sun kai wajen miliyan 2 da rabi. Ke nan cikin kowane 10, fiye da 9 ba su da suna a littafi tukuna.

RUMBUN DA BA A CIN ABIN DA KE CIKINSA

Manomi mai hankali ba ya cinye hatsinsa duka. Yakan zaɓi zangarniya mai kyau ya ajiye a rumbu don iri. Masana ma suna da rumbunsu. Ɗaki ne mai kabad-kabad, busasshe, wanda ƙwari ba sa shiga. A ciki akwai ganyaye da furanni da naman kaza busassu, kowane cikin ambulansa, kowane da lambarsa da takardarsa. Da Faransanci ana ce masa "herbier". A Hausa ana iya ce masa rumbun tsirrai. Kowane abu ɗaya da aka ajiye kuma sunansa samfuri.

Rumbun naman kaza mafi girma a duniya yana Kew, kusa da Landan, a Ingila. Samfurin da ke ciki sun kai miliyan 1 da dubu 250. Akwai wani babba a Meise, ƙasar Beljiyam, wanda ya tara na Afirka da yawa.

Amfanin wannan rumbu huɗu ne.

Na ɗaya, kwatanci. In aka kawo sabon abu daga daji, sai a ɗauko tsoffin a jera, a duba ko an riga an san shi.

Na biyu, shaida. Magana fatar baki ce. In wani ya ce ya ga iri kaza a wuri kaza, ba a yarda sai da samfuri. Duk irin da aka raɗa wa sabon suna, dole a ajiye samfuri ɗaya wanda sunan ya rataya a kansa har abada.

Na uku, tarihin ƙasa. Samfurin da aka tsinta shekara 50 da suka wuce yana faɗin abin da ke tsiro a wurin a lokacin. In yau babu shi, an san ƙasa ta canza.

Na huɗu, bincike. Yanzu masana suna iya gutsurar ɗan kaɗan daga busasshen samfuri, su karanta ƙwayoyin gadon da ke cikinsa, su gane danginsa na kusa da na nesa.

AIKIN DA AKA YI A NIJAR

Tun da daɗewa aka fara rubuta sunayen nan na Hausa. Wani likita ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, ya yi aiki a arewacin Nijeriya a farkon zamanin Turawa. A 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa. Naman kaza yana ciki, tumukun suri yana ciki. Ba da saninsu ya zo daga gida ba. Mutanen ƙasa ne suka faɗa masa, shi ya rubuta. Don ya rubuta, ga shi ana karantawa bayan shekara fiye da 100.

A Nijar, an daɗe ana tara itatuwa da ciyayi, amma naman kaza an bar shi a baya. Babban aiki a kansa ya fara ne wajen 2008. Wani ɗan ƙasa, Umaru Hama, wanda ya yi karatu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ya shiga daji da damana tare da malamansa da wasu masana na Beljiyam da na Jami'ar Kordoba a ƙasar Sifen, wato tsohuwar Andalus. Mafi yawan aikin sun yi shi a kudu maso yammacin ƙasa, a gandun dajin W da garuruwan da ke kewaye da shi. An kafa wannan gandu a 1954, a kan iyaka da Benin da Burkina Faso. Can ruwan sama ya ninka na Rumbu, itatuwa kuma sun fi yawa.

Ba tsinta kawai suka yi ba. Sun zauna da mutanen ƙauyuka, musamman Gurmawa, waɗanda suka san na ci tun kaka da kakanni. Sun tambayi suna, sun tambayi amfani, sun rubuta.

Ga abin da ya fito. A 2010 suka bayyana wa duniya wani iri da babu shi a littafin kowa. Suka raɗa masa suna Agaricus subsaharianus, wato naman kazan kudu da Sahara. Ana cin sa a Nijar, da Burkina Faso, da Tanzaniya. Mutanen ƙauye sun daɗe suna miya da shi, masana ne ba su san shi ba. Sunan Hama yana manne da sunan wannan iri a littattafan duniya. A 2012 suka fitar da bayani a kan waɗanda masu maganin gargajiya ke aiki da su a yammacin Nijar, wasu don miki, wasu don tsutsar ciki. Tumukun suri yana cikinsu. A 2017 kuma suka bayyana wani sabon iri mai rawayar ƙafa, Rhodophana flavipes.

A shekarun baya-bayan nan rashin tsaro ya sa shiga dajin W ya yi wuya. Amma samfurin da aka tara suna nan a ajiye, ana ci gaba da aiki a kansu. Da ba a ajiye ba, da an yi asara.

LABARIN TUMUKUN SURI

Sunansa a littafin masana Podaxis pistillaris. Kalmar ta biyu ma'anarta "mai kama da taɓarya". Ashe idon Bature da na Bahaushe abu ɗaya suka gani.

Shi ɗan ƙasar yashi ne. Inda sauran danginsa ba sa iya rayuwa don zafi da ƙarancin ruwa, nan yake so. Ana samun sa a busassun ƙasashen Afirka, da Larabawa, da Indiya, da Ostareliya, da Amurka. Wasu danginsa a kan suri kawai suke fitowa, wasu a fili cikin rairayi. Tsawonsa kan kai taƙi ɗaya. Yana ƙarami cikinsa fari ne. In ya tsufa sai ya koma baƙin gari, sandarsa ta yi tauri kamar itace.

Wani masani ɗan Suwidin, Linne, shi ya fara sa shi a littafi a 1771, da samfurin da aka kawo masa daga Indiya. An daɗe ana zaton iri ɗaya ne a duk duniya. Da aka duba ƙwayoyin gadon samfurin da ke rumbuna dabam-dabam, sai aka ga ashe iri da yawa ne suka yi kama da juna. Wani abin mamaki kuma: a 2021 aka ba da labarin cewa masana a ƙasar Danmark sun ɗauki ƙurar wanda aka ajiye tun shekarun 1770, sun shuka ta a ɗakin bincike, ta tsiro. Abin da yaro ke shura da ƙafa, ga shi ya yi kusan shekara 250 a ambulan bai mutu ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

ME YA SHAFI MUTANEN RUMBU?

Rumbu tana inda gona ta haɗu da makiyaya, a bakin kwarin Tarka. Daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, har gandun Gadabeji. Ƙasarta dabam take da ta dajin W. Abin da ke tsiro a gindin aduwa ko kandili a nan, ba lalle ne ya zama irin na can ba. Masani daga birni ba zai iya zama a kowane ƙauye yana jiran ruwa ba. Kafin mota ta iso daga Maraɗi, laimar kwaɗi ta ruɓe. Wanda ke nan da safen da ta fito, manomi ne da makiyayi da mai itace.

Ga kuma wata magana. Dattawa sun san yadda ƙasar nan take kafin farin 1973 da na 1984. Itatuwa da yawa sun mutu a lokacin, kuma abin da ke rayuwa a jikin itace tare da shi yake tafiya. Tsofaffi maza da mata, Hausawa da Fulani da Abzinawa, suna da sunayen waɗannan abubuwa a harsunansu. Sun san wanda ake barbaɗa wa gyambon jaki, sun san wanda ake hana yara taɓawa. Samari da yawa ba su sani ba. Duk tsohon da ya rasu ba a rubuta saninsa ba, rumbu guda ne ya ƙone.

Nan ne karatun manya ke nuna amfaninsa. Samfuri ba tare da takarda ba, shara ce. Mai ilimin jami'a ya san sunan littafi. Amma ranar da abin ya fito, da wurin, da sunansa a bakin mutane, wanda ke wurin ne kaɗai zai iya rubuta su.

YADDA AKE TSINTA

Kayan aikin ba sa bukatar kuɗi: tsohuwar wuƙa, kwando ko ƙwarya, tsoffin takardu masu tsabta, fensir, da ɗan littafin rubutu. Fensir ya fi biro, don ruwa ba ya wanke shi. Kwalin ashana yana da kyau don ƙanana.

1. A fita da safe, kwana 1 ko 2 bayan ruwa mai nauyi. A duba gefen suri, da tsohon garke, da juji, da gindin itace, da kututturen da ya mutu, da bakin tabki.

2. Kafin a taɓa, a tsaya a duba. A kan me ya fito? Yashi ne, ko kashin shanu, ko itace? Shi kaɗai ne ko da yawa? Wane itace ne kusa?

3. Mai wayar salula ya ɗauki hoto: daga sama, daga gefe, da ƙarƙashin hular. Ya ajiye kwalin ashana kusa don a gane girmansa.

4. Kada a fizge, kada a yanke. A haƙa da wuƙa a ciro shi da gindinsa duka. Sau da yawa alamar da ke raba iri da iri a gindi take. Na suri yakan yi doguwar saiwa, sai a bi ta a hankali. Wanda ke jikin itace, a ɓamɓaro shi da ɗan ɓawon.

5. A ɗauki ƙarami, da matsakaici, da babba, in akwai. A bar wanda ya ruɓe ko ya yi tsutsa. Kada a kwashe duka. A bar saura su watsa iri.

6. Kowane iri a naɗe shi a takardarsa dabam, a sa masa lamba nan take. Kada a haɗa iri biyu wuri ɗaya. Kada a sa a leda, don leda tana sa shi gumi ya ruɓe kafin azahar.

7. In an gama, a wanke hannu da sabulu.

TAKARDA ITA CE RAN SAMFURI

Naman kaza in ya bushe, yakan motse, launinsa ya canza, ƙanshinsa ya gudu. Saboda haka a rubuta komi a ranar, tun yana ɗanye. Ga abin da ake rubutawa:

Lamba: kowane samfuri da tasa, 1, 2, 3, ba a maimaitawa.
Rana: kwanan wata, da wata, da shekara.
Wuri: sunan gari, da gefen da aka same shi, misali "gabas da rijiya, tafiyar rabin awa".
Abin da ya fito a kai: yashi, suri, taki, ko itace, da sunan itacen.
Kamanni: launin hula, launin ƙarƙashinta, launin ƙafa, ko akwai zobe a ƙafar, ko akwai jaka a gindi.
Girma: faɗin hula da tsawon ƙafa, da santimita ko da yatsu.
Ƙanshi: mai daɗi, ko wari, ko babu.
Canji: in an tsaga shi, ko namansa ya koma rawaya ko ja, ko ya fitar da ruwa.
Sunansa a gari: da Hausa, da Fillanci, da Tamajak.
Amfani: abin da dattawa suka ce ana yi da shi.
Sunan wanda ya tsinta.

A rubuta sau biyu: ɗaya a littafi, ɗaya a ƴar takardar da za ta zauna tare da samfurin. A rubuta abin da ido ya gani kawai. Abin da aka ji a bakin wani, a nuna cewa ji aka yi. Sunan wanda ya tsinta ba ya rabuwa da samfuri ko ina aka kai shi. A Kew har yau ana karanta sunayen mutanen da suka tsinci abu shekara fiye da 150 da suka wuce.

LAUNIN ƘURA

Akwai wata dabara mai sauƙi da ke taimakon masana ƙwarai. A yanke hular ɗaya daga cikin manyan. A kifa ta a kan farar takarda, a rufe da kofi ko ƙoƙo, a bar ta ta kwana. Da safe a ɗaga a hankali. Za a ga ƙura ta zuba ta yi zane. Wata fara ce, wata ruwan ƙasa, wata baƙa, wata ja-ja, wata kore-kore. In ba a ga komi ba, a karkata takardar ga haske, ko a sake gwadawa a kan baƙar takarda, don wataƙila ƙurar fara ce. A rubuta launin, a ninke takardar, a sa mata lambar samfurin.

SHANYA

Nan ne aka fi yin asara. Naman kaza kusan duk ruwa ne. In bai fara bushewa a ranar da aka tsince shi ba, tsutsa da fumfuna za su riga mai shi.

A tsaga manya biyu, daga hula zuwa gindi. Ƙanana a bar su yadda suke. A shimfiɗa su a kan faifai ko rariya, a ɗora a sama inda iska ke ratsawa, kaji da awaki ba sa kaiwa. A lulluɓe da guntun gidan sauro don ƙuda. Kowane samfuri da lambarsa a gefensa, a danne ta da dutse. A riƙa juyawa. Da yamma a shigar da su ɗaki don raɓa.

In hadari ya rufe rana, a rataye faifan sama da garwashin da ya lafa, nesa da harshen wuta da hayaƙi. Zafin da ake so shi ne wanda hannu zai jure ya daɗe, wajen digiri 40 zuwa 45. Busarwa ake so, ba gashi ba. Wanda ya gasu ya lalace, ba a iya karanta ƙwayoyin gadonsa. Ba a sa gishiri, ba a sa mai, ba a danne shi cikin littafi kamar ganye.

An san ya bushe in ya yi sauƙi, ya karye ƙaras kamar busasshiyar kuɓewa. In yana lanƙwasa, da saura. Tumukun suri da ya bushe a tsaye ba ya bukatar dogon aiki. A ƙara masa yini ɗaya a rana, a naɗe kansa da takarda don kada ƙurar ta zube.

AJIYA

A ninke takarda a yi ambulan, a sa samfuri da takardarsa, a rubuta lamba a waje. A jera ambulan a gwangwani ko akwatin ƙarfe mai murfi. Kada a danna su, don suna farfashewa. A ɗora akwatin a sama, nesa da laima da gara da ɓeraye. Busasshen ganyen dogon yaro a gefen akwatin yana rage ƙwari, amma kada a barbaɗa wa samfuri maganin ƙwari. A buɗe a duba duk mako 2. Wanda ya yi taushi a sake shanya shi.

A babban rumbu, sabon samfuri ba ya shiga kabad sai ya yi kwanaki a injin ƙanƙara, don ƙwari da ƙwansu su mutu. Bayan haka a ba shi lambar rumbu, a shigar da shi rajista.

HATTARA DA GUBA

Tsinta don ajiya dabam, tsinta don ci dabam. Kada wanda ya karanta cewa Gurmawa suna cin naman kaza ya je ya dafa wanda ya gani a bayan gida. Kama da wane ba ta wane.

Akwai wani fari, babba, kyakkyawa, mai zobe a ƙafa, da ke fitowa cikin ciyawa a ƙasashe masu zafi, har da Afirka ta Yamma. Sunansa Chlorophyllum molybdites. Ya yi kama da na ci ƙwarai. Wanda ya ci shi, cikin awa 1 zuwa 3 sai amai da zawo mai tsanani. Alamarsa ita ce ƙurarsa kore-kore ce. Akwai kuma waɗanda suka fi shi sharri, masu lalata hanta, waɗanda ba sa nuna alama sai bayan awa 6 ko fiye.

Dafuwa ba ta kashe irin wannan guba. Shanya ba ta kashe ta. Don akuya ko ƙwaro ya ci bai mutu ba, ba shaida ba ce ga mutum. Ba a ɗanɗana samfuri. A ɓoye akwatin ajiya daga yara. In yaro ya ci naman kaza, a kai shi gidan likita nan take, kada a jira sai ya fara amai, kuma a tafi da ragowar abin da ya ci.

Haka ma maganar magani. Rubuta abin da dattawa ke yi wajibi ne, don bincike daga nan yake farawa. Amma rubutawa ba ta mai da shi maganin da aka gwada aka tabbatar ba. Mai miki ko mai tsutsar ciki, ya nemi likita.

INA ZA A KAI?

Abin da ya fi, ƴan makarantar yaƙi da jahilci na gari ɗaya su haɗa kai. Littafi ɗaya, akwati ɗaya, mutum ɗaya mai kula. In damana ta wuce, su nemi shawarar malamin gona ko ma'aikatan gandun daji na Dakoro a kan yadda za a sadar da akwatin ga masana. A Maraɗi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, mai sashen noma da muhalli, akwai kuma cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna. A Yamai akwai Jami'ar Abdu Mumuni. Littafin ya zauna a gari, a aika da kwafinsa.

Abu biyu na doka. Gadabeji gandu ne da hukuma ta keɓe tun 1955, ba a ɗaukar komi a cikinsa sai da izini. Na biyu, Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Nagoya ta 2010. Wannan yarjejeniya ta ce ba a fitar da irin wannan dukiya, ko sanin gargajiyar da ke tare da ita, zuwa wata ƙasa sai da izini, kuma in an ci riba a raba da masu abin. Saboda haka in baƙo ya zo yana saye ko yana tambaya, a nemi takardarsa, a sanar da mai gari da magajin gari.

Wannan aiki ba ya kawo kuɗi a aljihu, kuma ba ya hana noma. Rabin awa ce da safe, sau 5 ko 6 a damana. Amma gari ɗaya in ya tara samfuri 10 masu kyau da takardunsu, ya bar wa jikoki shaidar abin da ƙasarsu ke fitarwa, da sunan da kakanninsu ke kiran sa. Mai zuwa kasuwar Sakabal ya sayo fensir da littafi tun yanzu. Wanda ke da tsoho a gida ya zauna kusa da shi ya tambaya, tun kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya cika rumbuna duka.